Karen Wane Ne? Waiwaye Kan Mutanen Santanbul Da Dabbobinsu

A farkon shekarar 1555 wani Bature mai suna Ogier de Busbecq ya sauka a Santanbul, jakada daga gidan sarautar Ostiriya zuwa fadar Sultan Sulaiman. Maganar sulhu da iyakar ƙasa ce ta kawo shi, amma mutum ne mai yawan kallo, kuma a cikin wasiƙun da ya bari akwai abin da ya ɗaure masa kai game da karnukan garin. Ya ce Turkawa ba sa barin kare ya taka cikin ɗaki, ƙazami suka ɗauke shi, kyanwa ce 'yar gida. Amma da zarar karya ta haihu a lungu, sai maƙwabta su yi mata ɗan rufi, wannan ya kawo ƙashi, wancan ya kawo ragowar abinci, kowa kuma yana lissafa abin cikin aikin lada. Ya lura kuma cewa karnukan nan babu wanda ake kira ubangidansu. Na unguwa ne, unguwar suke gadi.

Tsarin da Busbecq ya tarar sai da ya ƙara shekara fiye da 350 kafin a yi masa mugun duka, kuma har yau da sauran numfashinsa. Duk wanda ya bi tarihin zaman mutanen Santanbul da dabbobinsu zai ga tambaya guda ake ta juyawa: dabbar nan da ke kwance a bakin ƙofa, ta wane ce? Hukuma ta fi son amsa ɗaya cikin biyu, ko tana da mai ita, ko ba ta da shi. Mutanen gari kuwa tun da can suna da amsa ta uku, cewa ta unguwa ce, haƙƙinta yana wuyan kowa, ba kuma mai ikon ɗaure ta ko sayar da ita. Daga ƙarni na 19 zuwa yau, wannan amsa ta uku ake ta matsewa.

Turkawa suna da wani zance cewa karnukan sun shigo birnin ne a bayan rundunar Sultan Muhammad Alfatih a 1453. Zancen yana da daɗin ji, amma ƙasa ta ƙaryata shi. Daga 2004, sa'ad da ake aikin hanyar jirgin ƙasa da za ta bi ta ƙarƙashin mashigin Bosforus, an tono tsohuwar tashar jiragen ruwan Rumawa a Yenikapi, aka samu ragowar jirage 37, tare da ƙasusuwan karnuka da na kyanwoyi. Dabbobin sun riga Turkawa zama a garin. Abin da Turkawa suka zo da shi shi ne ladabin zama da su.

Ladabin nan daga addini ya samo tushe, ta fuska biyu da ake gani kamar suna karo da juna. Daular Usmaniyya ta Turkiyya a kan mazhabar Imam Abu Hanifa take, inda yawun kare najasa ne. Mu da muka tashi a kan Malikiyya mun karanta cewa kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai bin umarni ne kawai. Amma a aikace mun fi Turkawa ƙyamar kare nesa ba kusa ba. Ga kuma hadisan da suka hana ajiye kare sai don farauta ko kiwo ko tsaron gona. Fuska ɗaya ke nan. Ɗayar ita ce hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Mutanen Santanbul ba su ɗauki ɗaya sun yar da ɗaya ba. Dokin ƙofa suka mayar iyaka: kyanwa daga ciki, kare daga waje, amma dukansu daga tukunyar gidan suke ci.

Abin bai tsaya ga tausayin mutum ɗaya ba. Ya shiga wasiyya, ya zama sana'a, ya hau bangon masallaci. Matafiyi ɗan Faransa Jean de Thévenot, wanda ya zo garin a 1655, ya ba da labarin masu hali da kan bar kuɗi bayan ransu don a riƙa ciyar da karnuka kaza da kyanwoyi kaza, sau kaza a mako. Mahauci ko mai gidan burodi ake damƙa wa amanar, kuma ya shaida cewa suna riƙe ta da gaske. A farkon ƙarni na 18 wani ɗan ƙasarsu, masanin tsirrai Tournefort, ya tarar al'adar tana nan daram. Akwai masu talla da ake kira mancaci, suna yawo da doguwar sanda a kafaɗa an rataya huhu da hanta da tumbi. Ba don miya ake sayen nasu ba. Mai neman lada ne zai tsayar da mai tallan ya biya, shi kuma ya yayyanka ya rarraba wa karnuka da kyanwoyin da tun daga nesa suka ɗauko bayansa. Wasu sukan sayi kayan ciki su riƙa cilla wa shirwa sama tana cafewa, wasu su sayi tsuntsu a keji don kawai su buɗe masa. A ƙofar gidaje da shaguna ana ajiye kwamin dutse cike da ruwa. A kan kaburbura ana sassaƙa ɗan gurbi inda ruwan sama zai taru tsuntsu ya sha, ladan ya kai ga mamaci. Wanda ya ƙetara zuwa Uskudar yau, ya ɗaga kai a masallacin Yeni Valide ko na Ayazma, duka biyu ginin ƙarni na 18, zai ga ƙananan gidaje na dutse manne a bango, da tagogi da baranda da ƙubba, waɗanda aka gina wa tsuntsaye da irin gwanintar da aka gina masallacin kansa.

Kada a ɗauka sadaka ce zalla. Karen yana biyan abincinsa da aiki, kuma ba za a gane aikin ba sai an san mene ne unguwa a tsohon Santanbul. Ba tarin gidaje ba ce kawai. Tana da masallacinta, ko coci, ko wurin ibadar Yahudawa. Da limamin da ya san mazauna ɗaya bayan ɗaya. Da mai gadin dare. Da asusun taimakon juna. Baƙo ba ya tarewa sai wani ya tsaya masa, in kuma aka yi ɓarna ba a san mai yi ba, unguwar duka ake tuhuma. Karnuka suka shige wannan tsari kamar da su aka tsara shi. Kowane garke da iyakarsa, ba wanda ya shata amma ko kwikwiyo ya san ta, karen da ya ƙetare kuwa da yagaggen kunne zai koma. Sun san ɗan unguwa, sun san baƙo. Gari ne na gidajen katako manne da juna, inda gobara ɗaya kan lashe dubban gidaje, don haka haushin tsakar dare yana da rana. Su ne kuma ma'aikatan shara: abin da aka zubo daga madafa da mahauta, kafin rana ta yi nisa sun share shi.

Ba zan ce cikin gata suke ba. Baƙin da suka rubuta labarinsu sun ambaci ƙazuwa da karaya da tabon tafasasshen ruwa. Marubucin Amurka Mark Twain, da ya zo a 1867, ya ce ya zo da tsoronsu ya koma da tausayinsu, don ya tarar da su ramammu, kwance a tsakar titi, ko motsi ba sa yi wa mai wucewa. Karen unguwa yana samun ɗan abin sawa a baki, amma ba mai kai shi wurin magani.

Masu dabba ta ƙashin kansu ma akwai su tun da. Fada tana da karnukan farauta masu yawan da har wasu rundunonin sojan Janisari daga kiwon kare suka samo sunansu, irin su Zagarci da Seksoncu. Manyan gidaje suna da kyanwar Ankara mai dogon gashi, mai kuɗi da talaka suna rataya kejin tsuntsu a taga, 'yan tattabaru suna da ɗakunansu a saman rufi da irin masu juyi a sararin sama. Abin da babu shi a unguwannin Musulmi shi ne kare ɗan ɗaki, mai igiya a wuya, wanda ba ya farauta ba ya gadi, zaman ɗebe kewa kawai yake yi. Irin wannan sai a Pera da Galata, unguwannin jakadu da 'yan kasuwar Turai. Daga can kuwa iskar canji ta kaɗo.

Sultan Mahmud na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1808 zuwa 1839, shi ne ya ɗauko aikin gyara daular bisa salon Turai, kuma a zamaninsa ake ba da labarin kwashe karnuka zuwa tsibiri. Wai wani ɗan Ingila ne ya faɗo daga katanga ya mutu yana gudun karnuka a Galata, gwamnatinsa ta kawo ƙara, Sultan ya ce a kwashe su. Gari ya ɗauki guna-guni, aka dawo da su. Zamanin Sultan Abdul'aziz aka sake gwadawa, sai ga babbar gobarar Hocapasa ta 1865 ta cinye wani yanki na tsakiyar birni, mutane suka ce alhakin karnuka ne, aka sake dawo da su. Labaran nan sun sha gishiri a bakin masu ba da su, amma abin da suke nunawa gaskiya ne: gidan sarautar da ya iya rushe Janisari a 1826 bai iya raba unguwa da karenta ba.

Abin da umarnin sarki ya kasa, sauyin gari ya fara yi a hankali. A 1855 aka kafa hukumar birni irin ta zamani, a 1857 Pera da Galata suka samu tasu, da fitilun titi da daɓe da masu kwasar shara. A 1871 taragon da dawaki ke ja ya fara ratsa tituna, kare mai barci a tsakar hanya ya zama cikas. Aikin gadi ya koma hannun 'yan sanda, na gobara ya koma hannun 'yan kwana-kwana. Kare ya rasa sana'arsa ɗaya bayan ɗaya. Mafi muni, ya zama abin kunya. Duk Baturen da ya zo sai ya rubuta labarin karnuka. Marubucin Italiya Edmondo De Amicis, da ya zo a 1874, ya kwatanta birnin duka da makeken ɗakin karnuka. Masu ɗaukar hoto suka mayar da su katin gaisuwa da baƙi ke aikawa gida. 'Yan bokon Turkiyya da suka ga Paris da Viyana suka fara kallon karen ƙofar gidansu da idon baƙo, suna ganin shi ne shaidar ci bayansu.

Sultan Abdulhamid na Biyu bai bi ta wannan hanya ba. Shi kansa mai son dabbobi ne, yana da kyanwoyi da aku da gandun namun daji a fadar Yildiz. Da Louis Pasteur ya gano rigakafin ciwon haukan kare a 1885, shekara na zagayowa Sultan ya aika tawagar likitoci Paris da gudummawar faran 10,000, a 1887 kuma aka buɗe asibitin haukan kare a Santanbul, ɗaya daga cikin na farko a duniya. Ya zaɓi yi wa mutum magani, ya bar kare a inda yake. A 1908 matasan da ake kira 'Yan Turkiyya Sabon Jini suka yi juyin juya hali, a 1909 suka tuɓe shi. A shekarar ce likita kuma marubuci Abdullah Cevdet ya fitar da ɗan littafi a kan karnukan Santanbul, yana kira a raba gari da su.

Aka yi ta shawarar yadda za a yi. Shugaban asibitin haukan kare, wani likita Bafaranshe mai suna Paul Remlinger, ya kawo tsarin kafa mayanka a bayan gari, a kashe su a amfana da fata da ƙashi da kitse. Hukuma ta ji tsoron abin da jama'a za su yi in suka ga jini. Sai ta zaɓi hanyar da za ta iya cewa ba ta kashe ko ɗaya ba.

A bazarar 1910, ƙarƙashin magajin gari Suphi Bey, aka baza 'yan ƙwadago cikin unguwanni da manyan awartakai. Duk inda awartaki ya kama, wuya ko ƙafa ko ƙugu, nan ake ɗaga kare a jefa cikin keji a kan amalanke. Karnukan da suka saba da hannun mutane ba su san gudu ba, da yawa da ƙafarsu suka zo. A wasu unguwanni mutane sun yi faɗa da masu kamun, wasu sun ɓoye na ƙofarsu a tsakar gida; karen da shekara ɗaruruwa bai ƙetare dokin ƙofa ba, ranar ya ƙetare. Aka loda sauran a jiragen ruwa zuwa Sivriada, wani ɗan tsibiri a tekun Marmara, dutse ne tsaye, ba inuwa, ba abin ci. Adadin da ya fi yawo a bakin mutane 80,000 ne, wasu masana tarihi kuma suna kawo ƙasa da haka sosai. Ko da wanne aka ɗauka, dubun dubata ne a kan dutsen da mutum zai zagaye cikin ɗan lokaci. Da farko ana kai musu burodi da ruwa, daga baya abin ya tsaya. Zafin bazara ya sauka. Suka mutu da ƙishirwa da yunwa, masu rai suka ci matattu. Wani mai zanen barkwanci ɗan Faransa da aka fi sani da Sem ya je kusa da tsibirin a jirgin shaƙatawa, ya rubuta yadda warin ya tare su tun daga nesa, da yadda karnuka suka riƙa faɗawa ruwa suna iyo zuwa jirgin, don har lokacin ganin mutum a wurinsu alamar ceto ce. Mutanen gari sun ce in iska ta juyo da dare ana jin kukansu daga gaɓa. Hayirsizada suke kiran tsibirin, marar alheri.

A 1911 gobara ta cinye Aksaray, Italiya kuma ta auka wa Libiya. A watan Agusta 1912 ƙasa ta girgiza a gaɓar Marmara. Kafin shekarar ta ƙare yaƙin Balkan ya ɓarke, daular ta rasa kusan duk ƙasarta ta Turai, masallatan Santanbul suka cika da 'yan gudun hijira da masu kwalara. Bahaushen da ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, da zai zauna a gidan gahawa a shekarar nan da bai nemi tafinta ba, don abin da tsofaffin gari ke faɗa ke nan. Ni ba na cikin masu ɗaura girgizar ƙasa a wuyan magajin gari. Amma zancen ya nuna yadda mutanen suka ɗauki abin: ba tsabtace gari suka gani ba, cin amanar maƙwabci suka gani, kuma suna jin da hannunsu a ciki tunda a gabansu aka yi.

A 1912 aka kafa ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta farko a Santanbul, da manyan jami'an daula a ciki da wasu Turawa mazauna gari, cikinsu har da Alice Manning ta Kwalejin Robert. Sai dai ƙungiyar ba tsohon tsari ta nemi a dawo da shi ba. Tunaninta irin na Landan ne: dabba mai ubangida a kyautata mata, marar ubangida a kashe ta ba tare da azaba ba. Wato har masu tausayin sun karɓi rabon nan na gida biyu. Magajin garin da ya hau a shekarar, likita Cemil Pasha, ya faɗa da kansa a tarihin rayuwarsa cewa ya tarar karnuka sun sake yawa, ya sa aka hallaka su sannu a hankali. Daga nan har kusan ƙarshen ƙarni na 20, nama mai guba da bindiga su ne maganin da hukumomi suka sani. Ana kashewa, waɗansu na shigowa daga ƙauyuka, mahauci na ci gaba da jefa ƙashi.

A wannan tsakanin ne kare ɗan ɗaki ya samu shiga gidan Baturke. Mustafa Kemal Ataturk yana da kare mai suna Foks da ke bin sa har ɗakin taro. Gawar karen da aka busar tana gidan tarihin kabarin Ataturk a Ankara. Gari ma ya sake kama. A 1950 mutanen Santanbul kusan miliyan 1 ne, yau sun haura miliyan 15. Gidajen katako masu lambu suka ba da wuri ga benaye, musamman bayan dokar mallakar ɗaki a bene ta 1965. Mai zama a hawa na shida ba shi da bakin ƙofar da kare zai kwanta. In yana son dabba sai ya saya ya hau da ita, in ƙa'idar benen ta yarda, don akwai benayen da ƙa'idarsu ta hana, kotu kuma ta kan tsaya a kan ƙa'idar. Shagunan sayar da dabbobi da asibitocinsu suka yawaita, aka shigo da iri daga waje. Da su kuma wata sabuwar ɗabi'a ta zo, wadda tsohon Santanbul bai sani ba: a sayi kwikwiyo don yaro, in ya girma ya dame gida a kai shi bakin daji a juyo.

Kyanwa ce ta ci ribar duk wannan. Ba ta haushi, ba ta taruwa garke ta tare hanya, ba a taɓa yi mata shari'ar najasa ba. Ismail Saib Efendi, babban malamin da ya shugabanci laburaren Beyazit har kusan rasuwarsa a 1940, ya tara kyanwoyi a wurin har ake kiransa laburare mai kyanwoyi, kuma an san shi da kashe albashinsa wajen sayen musu hanta. Irinsa ba su ƙare ba. Har yau a bakin shaguna za ka ga kwanon ruwa da na abinci da ɗan akwatin kwana, kuma in ka tambayi mai shago ko tasa ce, sai ya ce ta layin nan ce.

A 2004 majalisar dokokin Turkiyya ta yi abin da ba a saba gani ba, ta rubuta amsar nan ta uku a cikin doka. Doka mai lamba 5199 ta ɗora wa ƙananan hukumomi su kama karen titi, su yi masa fiɗiya da allurar rigakafi, su maƙala masa alama a kunne, sannan su mayar da shi daidai inda suka ɗauko shi. Shekaru 20 da suka biyo baya su ne zamanin da dabbobin Santanbul suka yi suna a duniya. Gli, kyanwar tsohon ginin Aya Sofiya, Shugaba Obama ya shafa ta a 2009, ta mutu a 2020 bayan shekara 16 a wurin. Tombili, wata ƙatuwar kyanwa a Kadikoy da aka ɗauki hotonta ta jingina da dakali kamar dattijo bayan cin abinci, da ta mutu a 2016 mutane 17,000 suka sa hannu a yi mata mutum-mutumi. Aka yi, ɓarayi suka sace, gari ya yi ca, aka wayi gari an dawo da shi. A shekarar ce fim ɗin Kedi na Ceyda Torun, a kan kyanwoyin garin, ya fito. A 2021 sai ga Boji, karen da ke hawa jirgin ƙasa da na ruwa shi kaɗai, hukumar birni ta sa masa na'ura ta ga yana yin tafiyar kilomita kusan 30 a rana. Ƙarshen labarinsa shi ne abin dubawa. Wani ya ajiye kashi a kujerar jirgi don a ce Boji ne, kyamara ta tona shi. Amma barazana ta yi yawa, a farkon 2022 wani attajiri daga gidan Koc ya ɗauke shi. Karen da ya fi kowane suna da rashin ubangida bai tsira ba sai da ya samu ubangida.

Akwai ɗaya gefen, kuma duk wanda ya ɓoye shi bai yi adalci ba. Dokar 2004 tana aiki ne in an yi fiɗiya da yawa kuma da sauri, ƙananan hukumomi da dama kuwa ba su yi ba. Wasu kwashewa kawai suke yi su zubar a dazuzzukan bayan gari ko a yankin maƙwabta. Karen da ya girma a gaban mahauci, yara suna tsallake shi, daban yake da garken da ya tashi a bakin babbar hanya bai san fuskar kowa ba. A 2022 wata yarinya a Antalya ta rasu bayan mota ta buge ta tana gudun karnuka, a ƙarshen 2023 karnuka suka yi wa wani yaro mummunan rauni a Ankara. Iyayen da ke raka 'ya'yansu makaranta da sanda a hannu ba marasa imani ba ne. A 2021 an ƙara wa dokar ƙarfi: kisan dabbar gida da gangan ya zama laifin ɗauri na wata 6 zuwa shekara 4, aka hana baje kare da kyanwa a shago, aka tilasta wa masu dabba yin rajista da sa mata ɗan guntun na'ura a ƙarƙashin fata. A ƙarshen Yuli 2024 kuma majalisa ta juya gaba ɗaya. Sabuwar doka ta soke mayar da kare inda aka ɗauko shi. A kwashe, a ajiye a gidan ajiya har wani ya zo ya ɗauka. Mai hatsari da mai ciwon da ba ya warkewa an ba likita damar kashe shi. Tarar yar da dabba ta tashi daga lira 2,000 zuwa 60,000, shugaban ƙaramar hukumar da ya ƙi ware kuɗin aikin kuma ɗauri ne. Kyanwa ta sake tsallakewa, ba a sa ta cikin kwasar ba. Dubban mutane sun yi zanga-zanga a Santanbul, sunan Hayirsizada yana bakinsu, babbar jam'iyyar adawa ta kai ƙara, a watan Mayu 2025 kotun tsarin mulki ta ƙi soke dokar.

A ganina ɓangarorin biyu kowanne yana tsallake abu guda. Masu kare karnuka suna kiran sunan al'adar kakanni, amma al'adar nan a kan unguwa ta tsaya, unguwar da mahauci da limami da mai gadi suka san kowane kare da uwarsa. Inda babu irin wannan unguwa, karen kowa ya zama karen ba kowa, kuma yaron talaka da ke tafiya makaranta da asuba shi ke biyan kuɗin. Masu dokar kuwa sun hukunta tsarin 2004 da laifin gazawa alhali ba a taɓa aiwatar da shi yadda aka rubuta ba, sannan suka ɗora sabon aiki mai ninkin tsada a kan hukumomin da suka kasa yin mai araha. An ba su wa'adi zuwa 31 ga Disamba 2028 su gama gina gidajen ajiya. Lokacin da aka zartar da dokar, gidajen ajiya 322 ne a duk ƙasar, masu ɗaukar kare kusan 105,000. Ƙiyasin gwamnati na karnukan titi kuwa miliyan 4 ne.